Mai Gyara Ma Yana Ɓarna

Wata yamma a unguwar Yelwa, nan Garwa, na tarar da ɗan yayata zaune a zaure da waya a kunne, yana saurare yana latsawa. Na tambaye shi me ya ɗauke masa hankali haka, ya ce aikin gayya yake yi. Wani shiri ne mai suna Common Voice da gidauniyar Mozilla ta fara a 2017, inda mutane ke karanta jimloli da muryarsu, a tara a rumbu ɗaya, domin masu ƙera manhaja su koya wa na'ura jin magana. Akwai Hausa a ciki. Wasu na karantawa, wasu na tantancewa, kuma murya ba ta shiga rumbun sai mutum biyu sun amince da ita.

Ya miƙo mini in ji wata. Wani dattijo ne ke karanta jimla mai ɗauke da kalmar "ƙasa", sai ya faɗe ta "kasa". Kafin in yi magana yaron ya latsa alamar ƙi.

Na ce, "Me ya yi maka?"

Ya ce, "Kawu, ai ba Hausa daidai ba ce."

Na tuna masa cewa haka mahaifinsa ke faɗa, haka ma rabin 'yan babbar kasuwa. Wanda ya tashi da Fillanci a bakinsa yana da ɓ da ɗ, amma ƙ da ts baƙi ne a wurinsa, kuma a garin nan da wuya ka raba Hausa da Fillanci a gida guda. Yaron ya yi karatu a Kano shekara uku, ya dawo da kunnen Kano. Ba mugunta ya nufa ba, gyara yake yi iya saninsa. Sai dai in masu tantancewa dubu suka yi irin gyaransa, za a wayi gari da na'urar da ke jin Bakano sarai amma ta kurmance in mutumin Garwa ko Marwa ya buɗe baki.

Tun ranar nake juya wannan tambaya: in mutum ya sa hannu a kayan da kowa ke da rabo a ciki, kyakkyawar niyyarsa ta isa ta wanke shi?

Mun taso ana gaya mana hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Gaskiya ne a gona. A gayyar noma kowa na ganin kunyar da ɗan'uwansa ya ja, in ta karkace a yi masa dariya ya gyara, mai gona kuma na tsaye. A gayyar intanet ba ka ganin kowa, kuma ɓarna kan daɗe kwance kafin a gano ta. A 2020 aka gano cewa wani matashi a Amurka ya rubuta maƙaloli fiye da 20,000 a Wikipedia ta harshen Scots, wanda ake yi a Sikotilan, alhali bai iya harshen ba. Turanci yake ɗauka yana sauya wa kalmomi rubutu. Ya fara tun yana ɗan shekara 12, ya shafe shekaru yana yi, yana ganin taimako yake yi wa harshen da ba shi da masu rubutu. Ni dai ban iya jin haushinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne harsuna masu ƙarancin rubutu a intanet su ne irin wannan ke yi wa illa, domin manhajojin fassara daga irin waɗannan shafuka suke koyo. Turanci zai shanye kuskuren mutum ɗaya bai ji ba. Fillanci ko Hausar Kamaru, wake ɗaya ya isa ya ɓata garin.

Akwai kuma mai shigowa da gangan. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura kwamfutarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga, ya bi diddigi, ya tarar an dasa ɓoyayyar ƙofa a wata ƙaramar manhaja mai suna xz da ɗimbin kwamfutoci ke dogara da ita. Wanda ya dasa ya shafe kusan shekara biyu yana taimako tsakani da Allah a ido, har mai kula da manhajar, wanda shi kaɗai ke ɗawainiya da ita kyauta, ya ba shi amana. Wannan ɓarawo ne, hukuncinsa a fili yake. Ɗan yayata da yaron Amurka su ne masu wuyar sha'ani, don ba su ci amana ba, iyakar saninsu ce ba su sani ba.

Mu mutanen Binuwai bai kamata wannan ya zame mana sabon karatu ba. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta ba mu wuta da ruwan noma. Amma a 2012, da kuma 2022, ruwan da aka saki daga cikinta ya haɗu da na damina ya ci garuruwa a Najeriya, daga Adamawa har Lokoja. Masu buɗe ƙofar ba don ƙeta suka buɗe ba, in ba su rage ruwan ba abin da zai biyo baya ya fi muni. Abin da na gangare ke nema wurin na tudu shi ne ya san akwai mutane a ƙasansa, ya kuma yi magana kafin ya saki. Na gangaren ma da nasa laifin, don madatsar Dasin Hausa da aka tsara ta tare ruwan har yau ba a gama ta ba. Haka mai ɗaukar rumbun muryoyi ya gina manhaja a kai ba tare da ya tambayi muryoyin su wa ke ciki ba, shi ma ba zai ce ba ruwansa ba.

Na ce wa yaron, in bai tabbata ba ya tsallake, akwai wurin latsa hakan. Ya amince, ko da yake na ga alamar yana ganin na rage masa girma.

Bayan kwana biyu ya zo da wata shawara, wai mu ɗauki muryar Hajiya, mahaifiyata, don Hausar Garwa ta asali ta shiga rumbun. Shi zai karanta, ita ta maimaita. Na so abin, amma na san duk muryar da aka saka an sallama ta ga kowa ke nan, kuma wanda ya riga ya kwafa ba a iya karɓewa daga hannunsa. Muka shiga ɗakinta tana tsintar shinkafa, muka yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, wa zai ji?"

Yaron ya ce, "Kowa, Hajiya."

Ta ce, "Kowa ɗan gidan wa ne?" Ta ci gaba da tsintarta. Har yau ba mu ɗauka ba.