"In Sun Tambaye Ka, Ka Ce Shekararka Tara"

 Yau wata 'yar ƙaramar mas'ala na zo miki da ita, irin wadda ake ganin ba ta kai a je da ita gaban malam ba, amma tun da ta shiga kunnena ta hana ni sakat.

Wata ƙawata ce da aure ya kai ta Amurka ta bugo mini waya. Sun yi shekara biyu suna tari don su kai yara hutu Walt Disney World, wato katafaren wurin shaƙatawar nan da ke kusa da Orlando a jihar Florida, wanda aka buɗe a 1971. Yadda tsarin kuɗinsu yake shi ne, yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Daga 3 zuwa 9 kuɗin yara ake biya masa. Da ya cika 10 kuwa, shi ke nan, kuɗin babba ne, daidai da na ubansa. Haka abin yake ga abinci ma. Akwai wani shiri da masu sauka a otal-otal ɗin wurin kan saya, su biya kuɗin abincin kwanakinsu gaba ɗaya tun kafin su iso. An dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, aka dawo da shi a Janairun 2024. A cikin wannan shirin ma ɗan shekara goma babba ne, kuma ratar da ke tsakanin kuɗin yaro da na babba ba ƙarama ba ce, balle a lissafa ta kwana biyar ko shida.

To, ɗan ƙawar tawa ya cika goma wata biyu kafin tafiyar. Ɗan firit ne, wanda ya gan shi sai ya ce takwas gare shi, kuma loma uku ta ƙosar da shi. Sai ta ce mini, "Ke kuwa, kina ganin za su nemi takardar haihuwa? An ce mini ba sa nema."

Ki lura da tambayar, 'yar'uwa. Ba cewa ta yi ya halatta ko bai halatta ba. Cewa ta yi za a kama ni ko ba za a kama ni ba. Ita kuwa mace ce mai kiyaye salla, mai azumin Litinin da Alhamis, wadda in mai shago ya yi kuskure ya ba ta canji fiye da ƙima sai ta koma ta mayar. Wannan ne ya sa na ce abin ya cancanci mu zauna a kansa, don ba mutuniyar banza ce ta kawo shi ba. Ni da ke ne.

Bari in yi mata adalci tukuna, domin hujjojinta ba na wofi ba ne. Ta ce yaron ba zai ci rabin abin da za a biya masa ba, ina amfanin zubar da kuɗi? Ta ce wata biyu ne kawai, me ya raba yaron jiya da na yau? Ta ce kamfanin nan dukiyarsa ta fi ƙarfin lissafi, 'yan dalolin da za ta rage ko a jikinsa. Duk na ji, kuma na yarda cewa iyakar shekara goma ɗin nan mutane ne suka zana ta don kasuwancinsu, ba wahayi ba ne. Mai saye yana da damar ya ga tsada, ya yi ƙorafi, ya ma fasa.

Abin da ba shi da dama shi ne ya karɓi kaya a kan sharaɗi, ya faɗi abin da ba haka ba don a rage masa. Nan ciniki ya tashi daga neman rangwame ya koma algus. Kuma shi rashin neman takardar da ta ɗauka sauƙi ne, shi ne ya ƙara wa abin nauyi. Da fasfo ake dubawa a ƙofa, da ba a bar mata komai a hannu ba. Amma da aka ce faɗi mu yarda, to bakinta ne ya zama takardar, kuma an ba ta amana ke nan.

Batun cewa masu dukiyar attajirai ne, ko ba Musulmi ba ne, shi ma ba ya tsayawa. Ki tuna daren Hijira. Manzon Allah (S.A.W.) ya bar Sayyidina Aliyu (R.A.) a Makka don ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi, alhali mutanen garin ne suka yi shirin kashe shi. Bai ce sun zalunce ni, dukiyarsu ta halatta ba. Ina kuma ga mu, da muka shiga ƙasar mutane da izininsu, muka je wurin wasansu da ƙafarmu, babu wanda ya tilasta mu?

Amma wallahi ba kuɗin ne ya fi damuna ba, yaron ne. Ita wannan ƙaryar ba ta yiwuwa sai da haɗin kansa. Ma'aikatan irin waɗannan wurare suna son hira da yara, wani cikin raha kawai zai durƙusa ya ce, "Saurayi, shekararka nawa?" Shi kuma ɗan goma, kin san su, alfahari yake da ita, ko ba a tambaye shi ba faɗi yake. Dole ke nan tun a mota a zaunar da shi a koya masa: "In sun tambaye ka, ka ce tara." In ya manta ya faɗi gaskiya a harare shi, wata ma har ta mintsine shi. To ki duba abin da ya koya a wannan rana: gaskiya ce ta jawo masa harara, ƙarya ta jawo masa yabo, kuma malamar da ta koyar da darasin mahaifiyarsa ce.

Ga wani abin kuma. Shekara goma ita ce shekarar da addini ya ce a tsananta wa yaro a kan salla, bayan an fara umartarsa tun yana bakwai. Da asuba kin tashe shi kina cewa, "Tashi, ai ka girma, shekararka goma." Da hantsi a bakin ƙofa kin mayar da shi tara. Yara ba su da wauta, suna haɗa wannan da wancan. Ranar da ya ce miki ya yi salla alhali bai yi ba, da wane baki za ki yi masa faɗa?

Abu Dawud ya ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amir (R.A.), lokacin yana ƙarami. Mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (S.A.W.) yana gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Wannan fa rarrashin yaro ne kawai, babu dukiyar kowa a ciki. Ina ga sanya ƙaryar a bakin yaron da kansa?

Kada ki ce ai ni ban taɓa zuwa Amurka ba. Mu nan gida mun fi kowa sanin rage shekaru. Ana zuwa kotu a yi takardar rantsuwa a zaftare uku ko huɗu, don kada a wuce shekara 30 ta bautar ƙasa, ko don a jinkirta ritaya. Sau da yawa kuma iyaye ne ke fara shi tun wajen cike takardar makaranta, yaro ya tashi da ranar haihuwa biyu, ta gida da ta takarda. Ban haɗa da wanda aka haifa a ƙauye ba a rubuta ba, ya yi kirdado iyakar saninsa. Wannan bai yi ƙarya ba. Maganata a kan wadda ta san rana da wata ce, har ta yi masa walima.

Akwai kuma kishiyar matsalar. In Allah ya ba ki yaro mai girman jiki, ɗan takwas kamar ɗan sha biyu, ki riƙe kwafin fasfonsa ko takardar haihuwarsa a jaka, in an yi tantama ki nuna ba tare da ɓacin rai ba. Hakkinki ne ki biya kuɗin yara, kada kunya ta sa ki bar shi.

Ƙawar tawa dai mun daɗe muna ja. A ƙarshe lissafi muka yi, sai ga shi shirin abincin ma ba dole ba ne. Wurin yana barin mutum ya shiga da abincinsa, in dai ba a cikin kwalba ba, kuma a wuraren da ake sayen abinci a kanta ana iya sayen kwano ɗaya yara biyu su raba. Ta fasa shirin, ta biya wa yaron kuɗin shiga na babba tana ƙunƙuni, ta soya kaji da fanke ta zuba a jaka. Ta ce a rana ta biyu wata ma'aikaciya ta tambaye shi shekarunsa, ya ɗaga yatsunsa goma duka, har ya ƙara mata da cewa da wata biyu.