Hanyar Gida a Lokacin Yaƙi

Yau tambaya na zo mana da ita daga zamanin yaƙin Hitila, kuma kowace matar aure za ta gane nauyinta. Idan miji ya maƙale a wata ƙasa, shin kowace hanya aka bi aka dawo da shi gida daidai ce?

Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, jiragen ruwan Jamus na fasinja da na dakon kaya suna warwatse a duniya. Ingila ta tare teku, dole da yawansu suka fake a tashoshin ƙasashen da ba sa cikin faɗan. Ma'aikatan jiragen nan fa ba sojoji ba ne. Masu dafa abinci ne, da masu gyaran inji, da masu share ɗakuna, neman abinci ya fitar da su kamar yadda yake fitar da mazajenmu.

Dubi jirgin da ake kira Columbus. Ya fake a Meziko, ya yi ƙoƙarin sulalewa gida, jirgin yaƙin Ingila ya tare shi ranar 19 ga Disamba 1939. Ma'aikatansa suka nutsar da shi da hannunsu don kada a kama shi, jirgin Amurka ya kwashe su, mutum sama da 570. Ɗaruruwa daga cikinsu aka tsare a Amurka har yaƙi ya ƙare a 1945. Ki ƙiyasta, 'yar'uwa: yaron da aka bari a goye, uban ya dawo ya tarar ya isa shiga makaranta.

To wasu sai suka nemi hanya ta cikin matafiya. A watan Janairu na 1940 jirgin yaƙin Ingila ya tsayar da jirgin fasinja na Japan mai suna Asama Maru, ya sauke Jamusawa 21. Ta sama kuma akwai kamfanin Italiya mai suna LATI, wanda jiragensa suka riƙa zirga-zirga tsakanin Rum da Barazil daga ƙarshen 1939 zuwa ƙarshen 1941. Jirgin sama ba ya tsayuwa a tsakiyar teku a bincike shi, don haka ya zama ƙofa ga Jamusawa masu son komawa, da wasiƙu da kayan da Ingila ta hana wucewa.

Ni dai da farko zuciyata tana wajen matar da ke jira. Ba ita ta tayar da yaƙi ba, ba mijinta ba. Wa zai ce mata don Allah ki ƙara haƙuri shekara biyar, alhali ga kujera a jirgi?

Amma akwai wani gefen. Gwamnatin Jamus ba don hawayen matar nan take son mutumin ya dawo ba, ƙwarewarsa a teku take so. Ingila ma ta san haka. Akwai wani hafsan sojan ruwa, Jürgen Wattenberg, wanda ya tsere daga tsare a Ajantina ya koma Jamus a 1940, aka ba shi jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa, ya nutsar da jirage sama da goma. Waɗanda ke cikinsu su ma mazajen wasu ne. Kin ga murnar wani gida ta zama makokin wani.

Abin da ya fi damuna ma shi ne sauran fasinjoji. Jirgin fasinja ba shi da bindiga, ba shi da sulke. Kariyarsa ɗaya ce tak: kowa ya yarda cewa babu ruwansa da yaƙi. Duk lokacin da aka cusa harkar yaƙi a cikinsa a ɓoye, an ɗebi wannan yardar an kashe, kuma ba a tambayi masu ita ba. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ranar 1 ga Yuni 1943 jiragen yaƙin Jamus suka harbo wani jirgin fasinja da ya taso daga Lisbon zuwa Ingila, mutum 17 suka mutu, har da wata uwa da 'ya'yanta mata biyu. Ba zancen ma'aikatan ruwa ya jawo wannan ba, amma abin da ke faruwa ke nan idan aka kai matsayin da ba a bambanta jirgin matafiya da na mayaƙa.

To a bar su su ruɓe a ƙasar wasu ke nan? A'a. A cikin yaƙin nan dai an sami hanya mai tsabta. Daga 1942 jirgin ruwan Suwidin mai suna Gripsholm ya riƙa musayar mutanen da aka tsare tsakanin ɓangarorin biyu. Kowa ya san da tafiyarsa, an rubuta sunansa baro-baro a jikinsa, da dare kuma fitilunsa a kunne suke, alhali sauran jirage suna tafiya a duhu. Dubban mutane suka koma gida ta wannan hanya. Ta fi jinkiri, kuma ba kowa ya samu shiga ba, amma ba a sa ran wani a caca ba.

Nan ra'ayina ya tsaya. Mayar da mutum ga iyalinsa alheri ne, amma a yi shi da rana tsaka, da sanin duk wanda abin zai shafa. Ban ga laifin matar da ta roƙi mijinta ya dawo ko ta halin ƙaƙa ba, so ne. Laifin yana wuyan shugabannin da suka fake da kewar gida suka cika buƙatarsu.

Mu ma, 'yan'uwa, idan za mu taimaki namu, mu waiwaya mu ga wa ke zaune a kujerar kusa, domin shi ma akwai mai jiransa a ƙofar gida. Allah ya dawo da kowane matafiyi lafiya.