Wane Ne Ɗan Gida?

A shekarar 2014 hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta amince da wani tsari na bayyana wa kwamfuta yadda ƙungiya take. An ware komai: ga ƙungiyar, ga kujerar muƙami wadda ke nan ko babu kowa a kanta, ga aikin da mutum ke yi, ga kuma zamansa mamba, daga yaushe zuwa yaushe. Da na karanta, abin ya burge ni. Bahaushe ma ya san sarauta daban, mai riƙe da ita daban. Sarki na rasuwa, gadon sarauta na nan.

Sai dai tsarin bai faɗi wanda ya cancanci a rubuta sunansa ba. Wannan yana hannun mai alƙalami. Nan ne na tuna da 'yan'uwanmu na Sudan.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, har ya kafa garin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. A 1925 aka kammala madatsar ruwan Sinnar, noman audugar Jazira ya kankama. Littafin aikin ya san ɓangarori uku: gwamnati, da kamfanin Ingila, da manoman da aka ba gonaki, masu kashi 40 cikin ɗari na riba.

To, wa ke tsinkar audugar? Da yawa Hausawa ne da Fulani da Barebari, waɗanda aka haɗa da suna ɗaya, Fallata. Wasu sun samu gona, amma akasari leburori ne. Su da 'yan yammacin Sudan suka zauna a sansanonin da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa, aka haifi 'ya'ya da jikoki a can. Ba domin su ba, da auduga ta lalace a gona, amma ba su cikin masu rabo.

Ba ƙarya littafin ya yi ba. Duk abin da ya rubuta gaskiya ne, kuma wannan ne ke ba ni tsoro: ana iya zaluntar mutum da rajistar da babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Wani zai ce dole ƙungiya ta yi iyaka, in ba haka ba kowa ya shigo rabo. Na yarda. Amma malamin rajista na da yana ganin fuskar wanda ya bari a waje, yana iya jin kunya. Kwamfuta kuwa, in an tambaye ta, cewa kawai za ta yi babu wannan mutum.

Saboda haka duk wanda aka ba aikin zana tsarin ƙungiya, ko ta manoma ce ko ta unguwa, kada ya fara da sunayen masu kujeru. Ya fara zuwa gona da sassafe, ya ga su wane ne a sunkuye.