Kwanciyar Yara Bayan Isha'i

Wanda duk ya bi ta Kwanar Dangora ko Tudun Wada da dare zai tarad da yara ƙanana cirko-cirko a ƙofar gidan kallo, alhali an sallame Isha'i tuntuni. In sun koma gida kuma, uwa ta razana su da dodo wai don su kwanta. Ina barci ga yaron da aka cusa wa tsoro?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a tsare yara a gida idan almuru ta yi. Nana A'isha kuwa ta ce in zai kwanta yakan haɗa tafukansa ya tofa, ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya shafe jikinsa, har sau 3. To, uba ya zauna bakin shimfiɗa ya yi wa ɗansa haka, murya ƙasa-ƙasa, kullum a lokaci guda, har harshen yaron ya kama. Tatsuniyar Gizo ba laifi, amma a ajiye waya.

Mutanen Bebeji, maƙwabtan madatsar ruwan Tiga da aka gama a 1974, kada addu'a ta hana ku sauke gidan sauro. Na Doguwa kuwa, in hunturu ya tsananta ku rufa wa yaro bargo. Kada ku kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa tana kisa.