Al-Warisu, Magajin Magada

Ƴan'uwa Musulmi, a cikin kyawawan sunayen Allah Maɗaukakin Sarki akwai Al-Warisu, watau Magaji. Mai tambaya na iya cewa: ƙaƙa Mai kowa Mai komi zai gaji abin da can ma nasa ne? Malamai sun amsa cewa magaji shi ne mai wanzuwa bayan mai riƙo ya kau. Aya ta 40 ta Suratu Maryam ta tabbatar da wannan gado bisa ƙasa da duk wanda ke kanta. Sarki Tanimun ya kewaye Damagaram da ganuwa a ƙarni na 19. Yau daga shi har maginansa babu mai riƙe da tubali guda.

To, don me muke hana ɗiya mace rabonta na gona, wai kada ƙasar uba ta fita daga gida? Wane gida ne ƙasa za ta dawwama cikinsa? Wanda zai gaje mu duka, shi ne ya yanka mata kasonta a Suratun Nisa'i, aya ta 11. Mu kuwa mukan sallame ta da akuya ko ƴan tiyoyin hatsi, ta yi shiru don kunyar ƴan'uwanta maza, mu ce ai ta yafe.