IBNU UMMI MAKTUM ILIMI YA ZO NEMA: ME MUKA TANADAR WA MAKAFINMU?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.



Kusan duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya haddace Suratu Abasa, kuma ya san dalilin saukarta. Manzon Allah (S.A.W) yana zaune da manyan Ƙuraishawa, yana kwaɗayin su musulunta, sai Abdullahi ɗan Ummi Maktum (R.A), wanda makaho ne, ya zo yana neman a karantar da shi. Annabi (S.A.W) ya ɗaure fuska ya juya ga manyan, sai Allah Ya saukar da ayoyi Yana yi masa gyara a kan haka.

Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce: me wannan bawan Allah ya zo nema? Abinci? Tufa? Dirhami? A'a. Ilimi ya zo nema. A kan haƙƙin makaho na a saurare shi a karantar da shi aka saukar da ayoyin da za a yi ta karantawa a cikin sallah har tashin ƙiyama. To mu yau idan muka ga makaho, me ke fara zuwa mana a rai? Mu laluba aljihu mu miƙa masa canji, mu wuce muna jin mun sauke nauyi. Sadaka alheri ce, ba mai hana ta. Amma wallahi ba a nan nauyin ya ƙare ba.

Ku duba yadda rayuwar wannan sahabi ta kasance daga baya. Ya zama ladanin Manzon Allah (S.A.W) tare da Bilal (R.A). A hadisin Bukhari da Muslim, kiran sallarsa ne alamar kame baki ga mai azumi, kuma ba ya kira sai an gaya masa alfijir ya keto. Ka ga an ba shi aiki, an kuma haɗa shi da wanda zai zame masa ido a wurin da yake buƙatar ido. Sau da dama Annabi (S.A.W) ya bar masa riƙon Madina yana yi wa mutane limanci idan ya fita yaƙi. Kuma da wani makaho ya nemi rangwamen yin sallah a gida, kamar yadda Muslim ya ruwaito, tun da yana jin kiran sallah sai aka umarce shi ya amsa. Malamai sun yi maganganu a kan hukuncin da ke cikin hadisin. Abin da nake so mu lura da shi shi ne Musulunci yana son makaho a cikin sahu, a cikin jama'a, ba a ɓoye a ƙuryar ɗaki ba.

Wani zai ce, ai Allah Ya ɗauke wa makaho ƙunci. Haka ne. Amma ayar Suratul Fat'hi a kan fita yaƙi take magana, ta Suratun Nur kuma a kan cin abinci a gidajen dangi da abokai. Babu inda aka ɗauke masa sanin yadda zai yi tsarki, ya yi sallah, ya san halal da haram a cinikinsa. Idan neman sanin ya hau kansa, to buɗe masa hanyar ya hau kanmu.

Magabata sun fahimci wannan. Ƙatada ɗan Di'ama, babban malamin tafsiri da hadisi cikin tabi'ai, makaho ne. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a shekara ta 590 bayan Hijira, makaho ne, kuma shi ya tsara baitoci 1,173 da har gobe da su ake koyon ƙira'o'i bakwai, har da ƙira'ar Nafi'u wadda Warsh ɗin da muka tashi da shi a ƙasar Hausa ya ruwaito. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sa a bai wa kowane makaho ɗan jagora daga baitulmali. Safadi ya rubuta littafi guda a kan makafi, Naktul Himyan, a ciki ya kawo labarin Zainuddin Al-Amidi, malami makaho a Bagadaza, wanda yake murɗa takarda ya yi siffar haruffa ya manna a jikin littattafansa, idan ya shafa sai ya san kuɗin da ya sayi kowanne. A zamaninmu ga Sheikh Abdul'aziz bin Baz, ganinsa ya tafi yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, ya rasu a 1999 yana Muftin Saudiyya. Duk waɗannan akwai wanda ya zauna ya karanta musu, akwai wanda ya riƙe hannunsu zuwa zauren malam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu mu dawo gida. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, kusan kashi 4 cikin 100 makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya ke nan, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kashi 84 cikin 100 na wannan makantar ana iya kauce mata ko a yi maganinta. Babban sanadin shi ne yanar ido, wadda aikin tiyata na ɗan lokaci kaɗan yake cirewa da yardar Allah. Sai hawan jinin ido, wanda yake cin gani a ɓoye, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, shi ya sa awo da wuri yake da muhimmanci. Tsohuwa tana zaune a ɗaki shekara biyar ba ta gani, 'ya'yanta suna cewa ƙaddara ce, alhali ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitocin ido a Kano da sauran garuruwa. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Neman magani ma umarnin Annabi (S.A.W) ne. Kuma don Allah a daina kai ido wurin masu tura yanar da tsinke a ƙauye. Wannan binciken ya nuna ɓarnar da hakan ke yi.

Wanda kuma ganinsa ya tafi ba dawowa, Allah Ya yi masa alkawarin Aljanna idan ya yi haƙuri, kamar yadda ya zo a hadisi ƙudusi cikin Bukhari. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Namu shi ne mu san kayan aikin da Allah Ya hore a wannan zamani.

Na farko rubutun makafi. Wani yaro Bafaranshe, Louis Braille, wanda ya makance tun yana ƙarami, shi ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15. Ɗige shida ne masu tudu, ana jujjuya su su ba da siffa 63, ana karantawa da kan yatsa. Akwai shi da Larabci, kuma an daɗe ana buga Alƙur'ani da shi a ƙasashen Musulmi. Saboda girman rubutun, mus'hafi ɗaya yakan zo a mujalladai da yawa. Makaho mai wannan mus'hafi zai yi tilawa da muraja'a cikin dare ba tare da ya tashi kowa ba. A ƙasar nan makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato ta buɗe tun 1953, 'yan mishan ne suka kafa ta. Mu da aka saukar wa Suratu Abasa, Islamiyyoyinmu nawa ne suke da mus'hafin makafi ko da guda ɗaya? Kowa ya tambayi ta unguwarsu.

Na biyu wayar da ke hannunka yanzu. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver. Idan aka kunna, wayar ce za ta riƙa karanta duk abin da yatsa ya taɓa. A kwamfuta akwai NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka fara ta a 2006. Akwai manhajar Be My Eyes, wadda makaho zai kira ta bidiyo, mai gani ya duba masa, misali, sunan magani ko ranar lalacewarsa. Da waɗannan makafi suke karatu a jami'a, suke aikin ofis, suke kasuwanci. Kada ka yi mamaki idan cikin masu bin wannan rubutu yanzu akwai wanda da kunne yake bin sa.

A nan nake da kira ga malamai da ɗalibai masu shafukan da'awa. Manhajar nan rubutu take karantawa. Idan ka ɗora hadisi a jikin hoto mai ado ka saka ba tare da ka rubuta shi a ƙasa ba, ɗan uwanka makaho zai ji wayarsa ta ce hoto, shi ke nan, ko ta yi kame-kame. Sanarwar tafsiri, jadawalin sahur da buɗa-baki, sanarwar jana'iza, duk a hoto. Littafin da aka ɗauki hotunan shafukansa aka tara a PDF, shi ma a wurinsa kamar rufaffen ɗaki ne. Gyaran ba ya cin ko sisi: ka rubuta abin da ke cikin hoton a saman saƙon, ko ka cike gurbin bayanin hoto da Facebook ya tanada. Sannan a rage gutsure kalmomi, su "slm" da "ykk". Da ma muryar da ke karantawa galibi ta Turanci ce, da ƙyar take furta Hausa, ina ga an yanke mata rabin kalma? Matasanmu masu ilimin kwamfuta, ga sadaka mai gudana: ku yi aiki a kan muryar da za ta karanta Hausa daidai, da ɓ da ɗ da ƙ ɗinta.

Ta ɓangaren hukuma ma akwai haƙƙin da ya kamata mu sani. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Hukumar JAMB tana shirya wa makafi jarrabawarsu ta musamman. Uban da bai san wannan ba, ta yaya zai nema wa ɗansa? Limamai, ku faɗa a huɗuba.

Iyaye, ku ji tsoron Allah a kan yaron da aka haifa muku ba ya gani. Amana ne kamar sauran. Ranar da aka yanke cewa bara ce sana'arsa, yara biyu aka cire daga makaranta: shi da ƙanensa ko ƙanwarsa da za ta riƙe masa sanda daga safe har magariba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yatsan yaro ya fi saurin koyon ɗigon nan fiye da na babba.

Masu hali, malamai da yawa sun halatta a bai wa ɗalibi matalauci zakka har abin da zai sayi littattafan karatunsa. Ga kuma ƙofar waƙafi a buɗe: mus'hafin makafi, allon rubutunsu da abin hudawa, farar sanda, waya mai magana, kuɗin aikin yanar ido, albashin malamin da ya iya koyar da su. Kwamitin masallaci kuma, a rufe kwatar da ke bakin ƙofa, a hana ajiye babura da takalma a kan hanya. Tirmizi ya ruwaito cewa taimakon mai raunin gani da naka idon sadaka ne, Imamu Ahmad kuma ya ruwaito tsinuwa a kan wanda ya ɓatar da makaho daga hanya. Idan wannan hanyar kasuwa ce, me kuke zato game da hanyar sanin Allah?

Suratul Hajji ta gaya mana cewa makantar da ake tsoro ita ce ta zuciyar da ke cikin ƙirji. Allah Ya tsare mu da ita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa 'yan uwanmu makafi da Aljanna a kan haƙurinsu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu tun kafin a tambaye mu.

Wanda ya san makaho a gidansu ko unguwarsu, ya karanta masa wannan, sannan ya tambaye shi abin da yake buƙata, ya saurara da kyau. Shi ya fi kowa sani.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.