Wa ya kore ta? Tunani a kan gudun uwa

A hunturun da ya wuce na je Karofane gaida gwaggona, ƙanwar mahaifina, tsohuwar da ta yi haihuwa goma, bakwai suna raye. Muna zaune a tsakar gida tana tankaɗe, sai na ba ta labarin wata abokiyar aikina, malamar lissafi, uwar ƴaƴa huɗu, wadda ta ɗauki al'adar fita bayan sallar asuba, sau uku a mako, tana kewaya filin kwalejinmu da sassarfa, da agogo ɗaure a hannu. Gwaggo ta ajiye rariya, ta dube ni, ta ce: «Ɗan nan, wa ya kore ta?» Na ce babu kowa. Ta ce: «To, wa take bi?» Na ce babu kowa. Ta yi shiru, can ta ce: «Allah ya ba ta lafiya», da irin muryar da ake yi wa mai taɓin hankali addu'a.

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta biyo ni har gida. Shin ya dace uwa, wadda aikin gida bai taɓa ƙare mata ba, ta ware rabin awa ta yi gudun da ba zai kawo ruwa ba, ba zai kawo itace ba, har kuma ta riƙa ƙirga mintoci tana neman ta fi jiya sauri? Wannan ita ce tambayar da nake so mu duba tare, ya kai mai karatu.

Mu fara da harshe, tun da shi ne sana'ata. Idan ina koyar da Faransanci nakan nuna wa ɗalibai kalmomi biyu, «courir» da «fuir», ta farko motsin ƙafa ce kawai, ta biyu kuwa tserewa daga abin tsoro. Hausa ta haɗa su duka a cikin «gudu». In aka ce wance ta gudu, ba wanda zai kawo filin wasa a ransa, gidan miji za a ɗauka ta bari. Muna da gudun hijira, muna da gudun ceton rai, muna da gudummawa, wato rugawa domin a agaza wa wani. Karin magana ma cewa ta yi, in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A tunanin harshenmu, babba ba ya gudu sai da dalili a bayansa ko a gabansa. Saboda haka gwaggo ba ta yi wauta ba, da bakin Hausa ta yi tambaya.

Akwai kuma hujjar da ta fi ta harshe nauyi. Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san abin da jikin mace yake ɗauka. A ƙauyukan Karofane da na kwarin Majiya, mace ita ce daka, ita ce surfe, ita ce rijiya, ita ce hawa dutsi neman itace, sau da yawa da goyo a baya, alhali maigida ya tafi biɗa Abijan ko Najeriya ko Libiya. Lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, ana biyan ma'aikata da abincin hukumar PAM, mata ne suka fi yawa a fagen aikin: su suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin tuddai, su suka yi jigilar duwatsu a ka. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa, a matsakaici, macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a rayuwarta. Wa zai tsaya gaban irin wannan mace ya ce mata tana buƙatar motsa jiki? Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta nemi babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, kuma ta sa aikin gida da na gona a cikin lissafin. Mai daka da ɗaukar tulu takan cika wannan adadi tun mako bai raba ba.

Ke nan hujjar lafiya, wadda aka saba kawowa, rabin mata kawai take ɗauka. Ta dace da malamar makaranta da ma'aikaciyar ofis da ƴar kasuwar da take wuni zaune a Madawa ko Tawa, waɗanda hawan jini da ciwon suga suke yi wa barazana. Ba ta ce komai ba a kan matar ƙauye. In dai da amsar da za a ba gwaggo, sai a neme ta wani wuri.

Na sami bakin zaren ne daga ita malamar da kanta. Wata rana a ɗakin malamai na ce mata: «Malama, gajiyar gida ba ta ishe ki ba, sai kin ƙaro wata?» Ta ce: «Mushe, tuwon da na tuƙa jiya ina yake? Wankin da na yi shekaranjiya ina yake? Amma zagaye shida da na yi ranar Litinin yana nan a ƙafata, ranar Laraba zan ɗora a kansa.»

Wannan magana ta buɗe mini ido. Aikin uwa aiki ne da ake cinye shi a ranar da aka yi shi. Ba a ganin sa sai ranar da ba a yi ba. Manomi yana da rumbu da zai nuna, mai albasar Galmi yana da buhunan da zai ƙirga, malami yana da ɗaliban da suka ci jarrabawa. Uwa kuwa ladarta tana wurin Allah, kuma babbar lada ce, sai dai a nan duniya kowace safiya daga farko take farawa. Gudun nan shi ne aiki guda da ribarsa take taruwa a jikinta, take kuma iya aunawa. Gajiyar da mutum ya zaɓa da kansa, ya sa mata iyaka, ya san ranar hutunta, ba ɗaya take da gajiyar da aka ɗora masa ba, ko da zufar iri ɗaya ce. Mai azumin nafila da wanda rumbunsa ya ƙare duka ba su ci abinci ba, amma ba mai cewa halinsu ɗaya.

Yadda ta bi da abin ma akwai darasi a ciki. Da ta fara, zagaye ɗaya ba ta iya kammalawa. Sai ta riƙa sassarfa minti 1, tafiya minti 2, tana maimaitawa har minti 20, tana barin kwana guda tsakanin fita da fita. Ma'auninta shi ne ta iya magana tana cikin gudu. In numfashi ya hana ta, ta san ta wuce ƙima, sai ta sassauta. Burinta na farko minti 30 ba tsayawa, kuma sai da ta yi wata uku kafin ta kai. Bayan haka ne ta fara duba sauri: kilomita 3 da take yi a minti 27, ta sauko da su zuwa 23 cikin shekara. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, takan rage. Da azumi takan koma tafiya kawai. Bayan haihuwar autarta ba ta tsaya ga arba'in ba, sai da ta bari kusan wata uku suka cika, ta kuma nemi shawarar ungozomar gidan likita, aka duba ba ta da ƙarancin jini. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma babu inda wannan ya fi tabbata kamar a jikin da ya ɗauki ciki huɗu.

To, amma ƙirga mintocin fa, ba alfahari ba ne? Yana iya zama. Agogo bawa ne mai son zama ubangida. Uwar da ta fita domin ta sami rabin awar da ba mai kiran sunanta, idan ta dawo da baƙin ciki saboda yau ta fi jiya nawa da daƙiƙa 20, ta ƙara wa kanta wani mai bin bashi ne a kan waɗanda take da su. Yaro zai yi zazzaɓi, baƙi za su sauka, mako biyu za su wuce ba fita. Burin da ba ya iya jure wannan bai dace da uwa ba. Gudun wuce sa'a shi ne abin ƙi. Ita da take tsere da kanta ta jiya ba ta wuce kowa ba, ba ta kuma ƙasƙantar da kowa ba. Ma'aunin da nake gani shi ne: in ta shigo gida da fara'a fiye da yadda ta fita, agogon yana yi mata aiki.

Saura maganar mutunci, wadda ita ce ta fi yawa a bakin mutane. Duk alhaji ya san cewa safa da marwa tunawa ce da uwa mai gudu, Hajara, da ta yi ta kai da kawo har sau bakwai tana neman wa ɗanta Isma'ila ruwa. Wannan gudu ne irin wanda gwaggo ta yarda da shi, domin akwai abin da ake nema. Amma akwai wani a cikin hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito: Nana A'isha ta yi tsere da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a wata tafiya, ta riga shi, bayan wani lokaci, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, ya riga ta, ya kuma tuna mata da na farko cikin raha. Ba wanda ya kore ta, ba wanda take bi, kuma mijinta ne abokin tseren. Sutura da zaɓen wuri da lokaci abubuwa ne da za a kiyaye, ita ma malamar da hijabinta da doguwar riga take fita, a fili mai katanga. Waɗannan sharuɗɗa ne na yadda za a yi abin, ba su zama hani ba.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai muka yi wannan gardama. A wasannin Olamfik na 1928 a Amsterdam an bar mata suka yi tseren mita 800, sa'an nan aka soke shi da sunan jikinsu ba zai ɗauka ba, bai dawo ba sai 1960 a Roma. Gudun ya-da-ƙanin-wani na mata bai shiga Olamfik ba sai 1984 a Los Angeles, shekarar da Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinariya a mita 400 mai tsallake shinge. Ita ce daga baya, a 1993, ta assasa tseren mata na Kasabalanka da taken gudu domin jin daɗi, wanda ya riƙa tara dubban mata, iyaye da kakanni. Derartu Tulu ta Habasha ta ci zinariyar mita 10 000 a 1992, ta haihu a 1998, ta sake cin ta a 2000. Ƴar ƙasarmu Aminatou Seyni ta zama zakarar Afirka a mita 200 a 2022. Duk da haka ba zakaru ne suka dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ɗalibanmu mata da muke gani kowace shekara suna gudu a gwajin motsa jiki na jarrabawar BEPC, wasunsu kamar barewa, alhali mun sani ga mafi yawansu wannan shi ne gudun ƙarshe, sai fa in gobara ta tashi.

A nan ne maganar take dawowa kanmu, mu maza. Rabin awar malamar ba daga sama ta faɗo ba. Mijinta ne yake tsayawa da ƙananan yara, ya ɗora ruwan zafi, kafin ta dawo. Ni da nake wannan rubutu ina da awa biyu na fada kowane dare, da shayi da hira, ban taɓa jin an tambaye ni wa ya aike ni ba, kuma sai da na kai shekara arba'in kafin na tambayi kaina ina awa biyun maiɗakina. Mun mai da lokacin uwa kamar rijiyar bakin hanya, kowa ya zo ya ja, ba mai tambayar ko ta ƙafe. Ita matar Karofane ba za a ce mata ta fita gudu ba. Haƙƙinta iri ɗaya ne da na malamar, sai dai hanyarsa ta famfo ce kusa da gida, da injin niƙa, da miji ko ɗa namiji da ba ya jin kunyar ɗaukar jarka. In ta sami rabin awar, ita ta san abin da za ta yi da ita: ko ta kwanta, ko ta je karatun yaƙi da jahilci, ko ta yi gudu.

Mu malamai da ƙungiyoyin al'adu muna da abin yi da ba ya cin ko dala. Filayen makarantunmu a kulle suke daga asuba har a buga ƙararrawa; ana iya buɗe su ga mata su kaɗai, da yardar hukumar makaranta da iyayen yara, wata malama ta jagorance su. Ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, tunawa ce da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su gurbi a shirin babban taron ƙasa. Ranar da aka samo da ƙafa ta cancanci fiye da anko da jawabai.

Da zan bar Karofane, gwaggo ta rako ni bakin zaure tana dogara sanda. Ta ce: «Wannan malamar taku, tana da sauri kuwa?» Na ce gwargwado. Ta ce kafin a yi mata aure, in ƴanmata suka sa tsere daga bakin gari zuwa rijiya, babu wadda take riga ta, har da tulu a hannu. Na ce: «Gwaggo, wa yake korar ku?» Ta ɗaga sanda kamar za ta buge ni, tana dariya, ta ce in gaida mutanen gida. Allah ya sa mu gane haƙƙin iyayenmu mata tun ƙafafunsu suna da ƙarfi.